Layi nawa na kod zan nuna idan ina neman taimako?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina zaune a Ɗorayi. Furojet ɗina manhaja ce da nake rubutawa da yaren kwamfuta na Python don lissafin kaya da basussuka a shagon kawuna da ke Kantin Kwari. Yau kwana huɗu ke nan tana tsayawa idan na zo adana sunan wasu kaya. Da farko na tura wa masu taimako layi ɗaya da nake zargi, suka ce ba su gane komai ba, in ƙaro. Sai na tura fayil ɗin gaba ɗaya, layi kusan 900, har yanzu ba wanda ya tanka. Ga kuma tsoron kada wani ya kwashe min aikina. Don Allah, nawa ya kamata mutum ya nuna?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a kammala lafiya, ya sa kawu ya ci moriyar aikin.

Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ne ka haɗa. Ta farko, wane gwargwadon kod ne zai ishi wanda bai san aikinka ba ya gano ciwon. Ta biyu, me ya kamata ya tsaya a kwamfutarka kada ya fita ko da wasa. Na daɗe ina rubuta manhajojin kasuwanci a nan Kano, ina kuma koyar da matasa, kuma kusan duk wanda ya zauna a gabana sai da ya bi ta hanyar nan da ka bi: ya tura kaɗan a ce bai isa ba, ya fusata ya juye komai, sai a yi shiru.

Amsata ita ce ba a auna abin da yawan layi. Ka tura mafi ƙanƙantar kod da wani zai kwafa ya saka a tasa kwamfutar, ya kunna, ya ga ainihin kuskuren da kake gani, ba tare da ya tambaye ka komai ba. Wani lokaci layi uku ne, wani lokaci arba'in.

Tunda shagon kawunka a Kwari yake, ka duba yadda ake zuwa neman atamfar anko. Matar da ta zo da zare ɗaya da ta zaro daga gefen zani ba za a gane mata komai ba. Wadda ta sa aka ɗauko mata dila guda ta wahalar da kanta da yaron shago. Wadda ta san kasuwa ƙyalle take yankowa, ɗan ƙarami, amma wanda furen atamfar ya fito a jikinsa cikakke. Kawunka yana kallo sau ɗaya zai ce a duba layi kaza, akwai ta. Irin wannan ƙyallen ake so ka yanko daga kod ɗinka.

Dalilin da layi ɗaya bai isa ba

Inda manhaja ta faɗi da inda ta yi tuntuɓe ba kasafai suke zama wuri ɗaya ba. Python zai nuna maka layin da ya kasa wucewa, amma ɓarnar tana iya kasancewa an yi ta layi hamsin a baya, lokacin da aka karanto farashi a matsayin rubutu maimakon lamba, ko aka buɗe fayil ta hanyar da ba ta dace ba. Layin da ya tsaya sau da yawa lafiyarsa ƙalau, abin da aka miƙo masa ne gurɓatacce. Kai kuma da ka zaɓo wannan layin ka zaɓo shi ne bisa zarginka, alhali da zarginka daidai ne da tuni ka gyara. Shi ya sa mai taimako ba ya son a zaɓa masa. Yana son ya ga daga ina abin ya shigo, me aka yi masa a hanya, a ina ya tsaya.

Shirun da aka yi maka bayan ka tura layi 900 kuma ba wulaƙanci ba ne. Masu amsa irin waɗannan tambayoyi kyauta suke yi, a ɗan tsakanin aiki da aiki, wani ma a waya yake karantawa yana cikin adaidaita sahu. Idan ya buɗe fayil ɗinka zai tarar da ɓangaren shiga da kalmar sirri, da na buga rasit, da na lissafin bashi, da launin maɓallai, kuma ba zai iya kunna shi ba domin rumbun bayanan yana kwamfutarka. Abin da ka roƙe shi a zahiri shi ne ya ba ka awa biyu ya koyi aikinka kafin ya fara neman kuskuren. Sai ya ajiye da niyyar zai dawo, kuma ba zai dawo ba. Ni kaina na sha ajiye irin wannan, ba don ba na son taimakon ba.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, ya mayar da abin ƙa'ida: misalin da za a kawo ya zama ƙarami, cikakke, kuma wanda zai sake haifar da kuskuren a hannun wani. Sharuɗɗan uku ne, kuma kowanne yana jan ɗan'uwansa. Karonka na farko ka cika na ɗaya ka bar na biyu. Karo na biyu ka bar na ɗaya, kuma ko na ukun ba ka cika ba.

Yadda ake yanko ƙyallen

Kada ka taɓa ainihin furojet ɗin. Ka yi kwafinsa a wata jaka daban, a nan za ka yi ta yanka.

Fara da cire duk abin da ke jiran ɗan'adam. Idan manhajar tana da fuska mai akwatuna da maɓallai, cire ta. Maimakon a jira wani ya rubuta sunan kaya a akwati, ka rubuta sunan da hannunka a cikin kod ɗin, sunan nan da ka san yana kayar da ita. Idan tana karanto kaya daga rumbun bayanai, ka maye gurbinsa da kaya biyu ko uku da ka rubuta kai tsaye. Sai ka kunna. Idan kuskuren yana nan, ka ci gaba. Idan ya ɓace, to ka samu labari mai daraja: ciwon yana cikin abin da ka cire.

Daga nan sai rabawa biyu. Ka goge rabin abin da ya rage, ka kunna. Kuskuren yana nan? Rabin da ka goge ba ruwansa, ka sake raba wanda ya saura. Ya ɓace? Ka mayar da wannan rabin ka goge ɗayan. Mutane suna jin wannan kamar aikin wuni guda, amma ka yi lissafi: 900 ya koma 450, ya koma 225, ya koma 112, haka har ƙasa. Rabawa goma ta isa ta kai layi 1,000 zuwa layi ɗaya. A aikace ba ya tafiya sumul haka, domin wani ɓangaren yana dogaro da wani, ka goge wannan wancan ya rushe, amma ko da ninki biyu ne na hakan, bai kai tsakanin Azahar da La'asar ba. Dabarar tana da asali a ilimin kwamfuta. Andreas Zeller, wani masani Bajamushe, ya fitar da hanyar da kwamfuta za ta yi wannan rage-ragen da kanta a 1999, kuma Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, yana da umarnin bisect da ke yin irin wannan rabawar a tarihin aikinka don gano ranar da kuskure ya shigo.

Abu ɗaya da nake yawan jan kunnen ɗalibai a kai: bayan kowace yanka, ka karanta saƙon kuskuren ka tabbata shi ne dai na farko. Sau tari mutum yana gogewa sai ya haifar da sabon kuskure, misali ya goge inda aka ba wani abu suna, sai Python ya ce NameError, wato bai san wannan sunan ba. Ya ga jan rubutu ya ɗauka ciwon ne, ya tura, mutane su ɓata lokaci suna gyara abin da babu shi a ainihin aikin. Kafin ka tura, ka kwafi guntun da ka rage ka saka a sabon fayil, ka kunna shi shi kaɗai. Kada kuma ka sake rubuta shi da ka, ko ka gyaggyara shi don ya yi kyan gani. Na ga wanda garin sake rubutawa ya gyara kuskuren bai sani ba, ya turo kod mai lafiya yana cewa ba ya aiki.

A nawa aikin, yawancin tambayoyi suna ƙarewa tsakanin layi 10 zuwa 30. Idan nawa ya haura 50, nakan zargi kaina da cewa ban gama yanka ba. Wannan awona ne, ba doka ba.

Ga kuma abin da ya sa nake dagewa a kan wannan aiki fiye da komai. Sau da yawa ba ka kaiwa ga tura tambayar. Kana cikin ragewa, layi ya koma goma sha biyu, sai ka ga kuskuren da idonka, domin babu sauran inda zai ɓuya. Ɗalibin da ya saba da wannan, cikin wata shida yakan zama shi ake tambaya.

Ban ga kod ɗinka ba, don haka abin da zan faɗa yanzu zato ne. Ka ce tana tsayawa a sunan wasu kaya, ba duka ba. Ka duba ko sunayen suna da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Idan haka ne, layinka 900 zai iya komawa uku:

kaya = "baƙin yadi"
f = open("kaya.txt", "w")
f.write(kaya)

A yawancin kwamfutocin Windows da ke hannunmu, wannan zai tsaya da UnicodeEncodeError, ya ce ya kasa rubuta harafin \u0199, wato ƙ. Dalili shi ne idan ba ka faɗa masa tsarin haruffan da zai bi ba, yakan ɗauki na Windows ɗin, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, babu ƙ a ciki. Maganin shi ne ka ƙara encoding="utf-8" a cikin bakan open. Ko wannan ne ciwonka ko ba shi ba, ka lura da siffar misalin: layi uku, kowa zai iya kunnawa, kuma abin da ke kayar da shi yana ciki. Da ka turo layi na uku kaɗai, ba wanda zai gane. Da kuma ka canza sunan kayan zuwa "yadi" kafin ka tura, da kuskuren ya ɓace.

Abin da ke raka kod ɗin

Kod shi kaɗai rabin tambaya ne. Ka haɗa da saƙon kuskuren gaba ɗayansa, daga layin farko zuwa na ƙarshe, a kwafe, ba a bakinka ba. "Yana ba ni ero" ba bayani ba ne. Gani ya kori ji. A Python layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma suna nuna hanyar da aka bi aka iso wurin, don haka wanda ya yanke ɗaya daga ciki ya rage wa mai taimako ido ɗaya. Ka faɗi abin da ka sa ran gani da abin da ka gani. Ka faɗi sigar Python ɗinka da ta duk laburaren da abin ya shafa, wato kod ɗin wasu da ka jawo cikin aikinka, da ko Windows kake ko Linux. Wannan ba ƙawa ba ce: misalin da na ba ka a sama zai wuce lafiya a yawancin kwamfutocin Linux, sai mai taimako ya ce maka shi a wurinsa yana aiki. Haka kuma har yau akwai darussa a intanet da aka rubuta da Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, kuma ɗalibai suna kwafowa su saka a Python 3.

Ka kuma faɗi inda za ka, ba motar da ta lalace kawai ba. Wani yakan tambayi yadda zai yanko haruffa uku na ƙarshen sunan fayil, alhali so yake ya san nau'in fayil ɗin, kuma akwai hanyar da aka tanada don hakan. Jimla ɗaya ta isa: "Ina so in adana sunayen kaya da Hausa a fayil."

Sai batun hoto. Don girman Allah kada ka ɗauki fuskar kwamfuta da waya ka tura. Ba a kwafar rubutu daga hoto, ba wanda zai zauna ya sake buga maka shi, kuma a Python tazarar farkon layi tana cikin ma'anar kod ɗin, hoto mai karkata kuwa yana ɓoye ta. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka sani yana ɗaukar alamar tauraro da ɗan layin ƙasa a matsayin umarnin ƙawata rubutu, yakan haɗiye su, sai kod ya isa a canje. Ka sa shi tsakanin alamomin ``` guda uku a farko da ƙarshe, ko ka ɗora a GitHub Gist, shafin da ake liƙa guntun kod, ka ba da adireshin.

Abin da ba ya fita

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gaskiya ne game da kuskurenka: kada ka ji kunyar a ga kod ɗinka bai yi kyau ba, kowa daga nan ya fara. Amma akwai abin da ba naka ba ne balle ka nuna.

Tsoron da ka ambata, na a kwashe maka furojet, shi ne mafi sauƙi. Layi ashirin da aka cire musu suna da fuska ba furojet ba ne, ba wanda zai kai wa malaminsa su. Fayil mai layi 900 da ka riga ka tura shi ne abin kwashewa. Ka ga ke nan rage kod yana maganin matsalolin biyu a lokaci guda.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cikin wancan fayil ɗin. Manhajar lissafin bashi ce. Akwai sunayen abokan cinikin kawunka a ciki? Lambobin wayarsu? Nawa ake bin wane? Wannan amana ce, kuma ka san yadda magana take yawo a kasuwa. Mutum ya ji an san bashin da ke kansa, ya daina zuwa shagon, wataƙila har zumunci ya taɓu. Ban da haka akwai Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane. Suna, lambar waya, BVN, NIN, lambar asusun banki, babu wanda ya kamata ya shiga tambaya. Ka ƙirƙiro na bogi, amma masu siffar na gaske. Idan lambar waya ce, ta zama guda 11 mai farawa da sifili, domin wani lokacin wannan sifilin ne ciwon: a karanto lambar a matsayin adadi, sifilin ya faɗi, ta koma guda 10. Idan suna ne mai ƙ, na bogin ma ya zama mai ƙ.

Sai mabuɗai. Kalmar sirrin rumbun bayanai, ta imel, da mabuɗin kamfanonin karɓar kuɗi, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga asusu da ita. Na Paystack, misali, wanda ya fara da sk_live_ na ainihin kuɗi ne, wanda ya fara da sk_test_ na gwaji. Wani yaro da ya taɓa aiki a ƙarƙashina ya tura fayil ɗin saituna gaba ɗaya yana neman taimako, da mabuɗin wani abokin cinikinmu a ciki. Ya lura bayan 'yan mintoci ya goge, ya zo yana ce min an tsira. Ba a tsira ba. A daren muka soke mabuɗin muka fitar da sabo, na kuma kira mai shi na faɗa masa abin da ya faru. Abin da ya fita ya fita: wani ya riga ya sauke, kuma idan a Git ne, tsohon yana nan kwance a tarihi ko ka goge shi daga fayil. Akwai masu manhajojin da ba su da aiki sai bin ɗakunan ajiyar kod na fili suna tsintar irin waɗannan mabuɗai. Don haka ka buɗe fayil ɗin da ka tura yau ɗin nan, kafin ka kwanta. Duk kalmar sirrin da ka gani a ciki, ka canza ta.

Idan ka fara aiki a kamfani, wani sharaɗin zai ƙaru: kod ɗin nasu ne, ba naka ba. Abin da aka wallafa a Stack Overflow yana shiga ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wato kowa zai iya ɗauka ya yi amfani da shi bisa sharuɗɗan lasisin. A nan sai ka rubuta sabon misali daga tushe, mai irin ciwon, babu sunan kamfani ko dabarar kasuwancinsu a ciki. Duk wannan ya shafi manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Suna karɓar dogon kod ba sa ƙorafi, shi ya sa mutane ke juye musu komai, amma abin da ka liƙa ya bar kwamfutarka ya tafi ta wani, kuma su ma sun fi ba da amsa mai kyau idan misalin ƙarami ne.

Inda wannan hanya ba ta kaiwa

Ba kowane ciwo ne ke yarda a yanko shi ba. Akwai kuskuren da ba ya zuwa sai mutum biyu sun adana abu a daƙiƙa ɗaya, ko sai intanet ya yanke ana tsakiyar biya, ko sai bayanai sun kai dubbai. Akwai wanda ke faruwa a kwamfutar shago kawai, a taka lafiya lau. Irin waɗannan, da ka rage kod sai su ɓace. A nan abin da za ka kawo shi ne rajistar abin da manhajar ta yi kafin ta faɗi, da lokacin, da bambancin kwamfutocin biyu, ka kuma faɗa a fili cewa ka gwada ragewa abin bai bayyana ba. Mai taimako zai girmama wannan. Aikina ya fi karkata ga manhajojin kasuwanci da na yanar gizo. Masu haɗa kod da na'urori irin su Arduino sukan buƙaci har zanen yadda aka jona wayoyi, domin a can ciwon yana iya zama a waya ɗaya da ta saki.

Akwai kuma tambayar da dole sai an ga aikin duka, kamar "tsarin da na bi ya yi kuwa?" Wannan bita ce, ba neman kuskure ba, kuma ba baƙo ake ɗora wa ita ba. Malamin da ke duba furojet ɗinka ko wani babba da ka yarda da shi za ka samu, ka nemi lokacinsa tukuna, ku zauna da kwamfutar a gabanku.

Kai dai yanzu ka fara da canza kalmomin sirri. Sannan ka rubuta sunaye biyar da ke kayar da manhajar da biyar da ke wucewa, ka jera su gefe da gefe ka duba me ya raba su. Idan haruffa masu lanƙwasa ne, ka gwada gyaran da na nuna maka. Idan ba su ba ne, ka yi kwafin aikin ka fara rabawa, ka turo min abin da ya rage tare da saƙon kuskuren cikakke da sigar Python ɗinka, in sha Allahu zan duba. Ka gaida kawu.